Asabar Ɗin da Loreta Ta Fitar da Ni

Ƙofar farko da na ƙwanƙwasa a Amurka ba a ma buɗe min ita duka ba. An sassauta ta iya tsawon sarƙar da ke riƙe da ita, wani dattijon Bature ya leƙo, ya dube ni, ya dubi akwatunan da na jibge masa a bakin ƙofa. Na nuna masa hoton gidan a wayata, na ce ni ce Saudatu, wadda ta kama ɗakin sama.

"Babu ɗakin haya a nan," in ji shi. "Gidana ne, daga ni sai matata. Ba ke ce ta farko ba, kwanakin baya ma wani ya zo da kayansa. Ki yi haƙuri, an cuce ki."

Ya mayar da ƙofarsa ya rufe.

A Gaithersburg ke nan, cikin jihar Maryland, ana ƙarshen sanyi. Daga Zariya na taho, na baro miji da 'ya'ya uku, saboda wani asibiti ya ɗauke ni aikin gwajin jini. Tun ina gida na haɗu da wani mai daɗin baki a intanet, ya turo min hotunan ɗaki har da labulensa, ya rantse cewa daga gidan zuwa wurin aikina tafiyar ƙafa ce. Na tura masa kuɗin haya. A bakin ƙofar nan na kira lambarsa, aka ce babu wannan layin. Sai daga baya na gane ko jihar ba ɗaya ba ce da ta asibitin.

Allah ya sa mai tasin da ya kawo ni bai tafi ba. Ya ji ina ta salati a bakin titi, ya sauke gilashi ya ce, "Kana jin Hausa ne?"

Na waiga ina neman namijin da yake wa magana. Ashe da ni yake. Mutumin Zangon Kumasi ne a Ghana, Malam Alhassan, kuma a Hausarsu mace da namiji duk "ka" ne.

"Ka shigo mota, 'yar'uwa, sanyin nan zai kashe ka. Akwai wata Hajiya, ba ya barin baƙo a waje."

Haka ya ƙetare kogi da ni zuwa Alexandria ta jihar Virginia, ya kai ni wani dogon bene a unguwar West End, ya damƙa ni a hannun Hajiya Zinaru, mutuniyar Damagaram da ke aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Ba ta taɓa ganina ba, ba ta san kowa nawa ba. Ta saurari labarina tana tsaye da ludayi a hannu.

"Bon, ɗiyata, kuka ya isa haka," ta ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar. "Wanda ya cuce ki, shi da Allah. Ga ɗaki, ga bargo. Ki ci tuwo tukuna."

A gidanta na zauna. Watannin da suka biyo baya ban san komai na garin ba in ban da tashar bas da ƙofar asibiti. In fita da duhun asuba, in dawo in shige ɗaki. Abin da ya faru a Gaithersburg ya sa ina ganin kowa a matsayin macuci. Ga mutanen benen, sai ka shiga lif da mutum, kafaɗarku na gogar juna, ya kafa wa bango ido kamar ba ka nan. Wata rana na daure na gaida wani tsoho, na tambaye shi iyali, sai ya ce min shi ba ya sayen komai. Autana kuwa, da na kira gida aka miƙa masa waya, ya dubi fuskata ya ce shi ba zai yi magana da ni ba sai na dawo. Ranar ban iya cin abinci ba. Na fara duba kuɗin jirgin komawa gida a ɓoye.

A wurin aiki akwai wata dattijuwa baƙar fata, Loreta, mai ɗibar jinin marasa lafiya. Ta kusa ajiye aiki, a Alexandria aka haife ta, haka iyayenta. Ita kaɗai ce ta dage sai da ta iya faɗin sunana daidai. Ran nan ta same ni a ɗakin hutu na tasa abinci a gaba ina kallonsa.

"Saudatu, me kika gani a garin nan tun zuwanki?"

Na ce na ga asibiti.

"Kin je Tsohon Gari? Kin ga kogi?"

Na ce a'a.

Ta ajiye kofinta. "'Yar nan, garin nan ya girmi ƙasar kanta. Tun Ingilishi na mulkin nan aka gina shi. Ranar Asabar ki shirya. Zan nuna miki inda ake karatu, zan nuna miki inda ake cin abinci, da yamma kuma mu ga abin da gari ke yi."

Na so in zille, amma da na gaya wa Hajiya, sai ta ce, "Wallahi in ba ki tafi ba, ni zan kulle ki a waje. Mutum ya zo wata ƙasa ya zauna a ɗaki kamar mai takaba?"

Bazara ta shigo a lokacin, da zafi mai ɗanko irin na Legas. Na hau jirgin ƙasa na Metro, Loreta ta tare ni a tasha da motarta, muka ajiye ta muka taka. Tsohon Garin ba shi da kama da inda nake zaune. Gidajen jan bulo ne ƙanana, manne da juna, da fitilu masu harshen wuta a bakin ƙofa da rana tsaka. Akwai layin da aka shimfiɗa wa duwatsu tun zamanin keken doki, sai da na tattare zanina don kada in yi tuntuɓe. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne mu a gida da an samu hali ake rushe tsohon gini, a nan kuwa gwargwadon tsufan gida gwargwadon darajarsa, har da ɗan allo a bango ana alfahari da shekarunsa.

Laburare ta fara kai ni. Ta ce in kantin littattafai nake so akwai na gwanjo a can gangare, mai shi ba ya korar wanda ya zauna yana karatu, amma nan ne ya fi. Wata ma'aikaciya ta yi min kati nan take, ta ce in ɗauki littattafan da nake so in tafi da su gida. Na tsaya ina jiran a ce in kawo mai tsaya min. Ba a ce ba. A gefe ga wani mutum da ƙullin kayansa a ƙasa, da gani ba shi da wurin kwana, yana karanta jarida a kujera mai laushi, babu wanda ya ɗaga masa murya.

Na ce, "Anti Loreta, lallai mutanen nan suna da kirki."

Ta yi wata 'yar dariya. "Lokacin da mahaifina ke yaro, da ya taka ƙofar nan da an kira masa 'yan sanda. Akwai samarin da aka kama a ɗakin nan, an tafi da su, laifinsu kawai sun zauna sun buɗe littafi, kuma su baƙaƙe ne. Shi ya sa duk wanda zan zaga da shi, nan nake fara kawo shi. Ɗauki littafinki, an sha wuya kafin ki samu."

Na sake duban kujerun. Na ɗauki littafina muka fita.

Daga nan muka gangara bakin kogi. Ta ce gidajen abincin da ke kan babban titi na baƙi 'yan yawon buɗe ido ne, 'yan gari sun san inda suke zuwa. Ta kai ni wani wuri mai tebura a waje. Kafin mu zauna na ga wata mata ta turo keken jarirai, na leƙa don in yi wa jariri wasa, sai na yi ido huɗu da kare, da riga a jikinsa. Na yi baya har na bugi kujera. Mai kawo abinci ya zo ya durƙusa ya ajiye wa karen ruwa a kwano, ya tambayi matar me zai ci. Karen! Matar ta ce ɗan nata ba ya son abu mai gishiri.

Ban gama farfaɗowa ba aka shimfiɗa mana takarda a tebur, aka zazzage tulin ƙaguwa a kai, jajaye, da ƙafafuwansu da idanunsu, an barbaɗe su da yaji. Babu faranti, babu cokali. Aka miƙa wa kowa 'yar guduma ta katako.

"Wannan fa?" na ce.

"Abincin rana. Addininku ya hana?"

"Bai hana ba, amma mu a rafi muke ganinsu, yara na jifa."

Ta fasa ɗaya ta ciro farin naman ta miƙo min a yatsa. Na rufe ido na yi bismilla. Ba zan ɓoye ba, da daɗi. Kafin wani lokaci ina ta bugu kamar maƙeriya, ɓawo na tsalle har teburin maƙwabta, Loreta na dariya har da hawaye. Rabona da dariya irin wannan tun a gida.

Muna cikin haka ta nuna saman gari da gudumarta.

"Kin ga can sama, titin da muka ƙetare? Akwai gidan da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa zuwa kudu. A nan aka sayar da 'yar'uwar kakar kakata. Ita kakar kakar tawa baiwa ce a wata gona, ta gudo garin nan lokacin yaƙin basasa da goyo a bayanta."

Da ƙarfi ta faɗa, yadda ake faɗin kakana alƙali ne. Turawa na zaune dama da hagu. Na yi maza na kama hannunta.

"Anti, rage murya, ana jin ki."

"To, a ji mana. Don me zan rage?"

"Irin wannan maganar ai ba a yin ta a cikin mutane."

Ta janye hannunta, fuskarta ta canza. "Ni na saya ko ni na sayar? Matar nan ta yi tafiya a ƙasa cikin daji don kada a haife ni a hannun wani. Kunyar me zan ji? Ko ke ma irin mutanenku ne da ke zuwa nan suna kallonmu sama-sama, wai su 'ya'yan sarakuna?"

Ta ɗauka raini ne, alhali ba ta san abin da ta taɓo ba. Mu ma jinin bayi ne ta wajen uwa. A wani rinji aka haifi kakata, wato ƙauyen da ake zaunar da bayi su yi noma, a bayan Zariya. A gidanmu ba a taɓa furta wannan ba. Na sani ne kawai saboda lokacin da yayana ya nemi aure a wani babban gida, an yi bincike, aka dawo mana da kayanmu ba tare da an ce komai ba, mahaifiyarmu ta shiga ɗaki ta kwana biyu ba ta fito ba. Ko mijina sai da muka haihu muka yi zancen, sau ɗaya, a cikin raɗa. Ga shi na buɗe baki in gaya wa Loreta, harshena ya ƙi. Muka ƙarasa cin abincin, aka naɗe takardar da ɓawon aka tafi da ita.

Na zaci za ta ce mu koma gida. Amma ita mace ce da in ta ce za ta yi abu sai ta yi.

"Na yi miki alkawarin yamma," ta ce, ba ta dube ni ba. "Akwai gidan kiɗa a ƙarƙashin ƙasa, masu busa sun iya, amma giya ake sha, ba za ki sake ba. Akwai jirgin ruwa da ake rawa a ciki. Sai kuma yawon fatalwa. Shi ne babu giya."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe haka ne. A dandalin kasuwa muka tarar da mutane sun taru, da yara da tsofaffi, wasu na lasar askirim, kowa ya yanki tikiti don a kai shi inda fatalwa take. A agogo, da a gida ne, lokacin isha'i ya yi, amma a nan rana ko faɗuwa ba ta yi ba. Sai ga wata budurwa cikin bujen mutanen da, mai faɗi kamar rumfa, riƙe da fitilar ƙwai, ta ce mu biyo ta.

Muka bi ta lungu-lungu. Ta tsaya a ƙofar wani gida ta ce a nan wata amarya ta ƙone, har yanzu ana jin kukanta. Mutane suka ɗaga waya suna ɗaukar hoton taga, wai ko za ta fito. Wani ya ce shi burinsa ya kwana a ɗakin. Ni kuwa ba abin da nake yi sai karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Abin da muke gudu, muke tofa wa yara addu'a saboda shi, shi mutane suka yi wanka suka fito nema. Da ta nufi tsohuwar maƙabartar wani coci da mu, tana ba da labarin ban dariya a kan kaburbura, na ja na tsaya.

"Anti Loreta, ni kam ba zan shiga ba. Mutane ne fa a kwance."

Ta dube ni, karo na farko tun daga teburin abinci.

"Haka ne," ta ce. "Mutane ne. Zo mu tafi, akwai waɗanda ba a kai kowa wurinsu da fitila."

Muka koma mota, ta tuƙa mu zuwa ƙarshen gari ta kudu, inda hayaniyar babbar hanya ke tashi. Wani fili ne mai ciyawa, an kewaye shi, da ƙananan duwatsu a shimfiɗe a ƙasa, da bango mai allunan tagulla cike da sunaye. Ta ce nan aka binne bayin da suka gudo garin lokacin yaƙi, waɗanda yunwa da cuta suka kashe bayan sun iso.

"Da ina yarinya babu wannan duka," ta ce. "Gidan mai ne a nan."

"Gidan me?"

"Gidan mai. An share alamun kaburburan, aka zuba kwalta, aka haƙa rami aka binne tankuna. A nan mahaifina ke shan mai. Kullum in mun tsaya sai ya cire hularsa ya ɗora a cinya, ni ban san dalili ba. Sai da na girma aka tono maganar, aka rushe wurin."

Na dubi inda ƙafata take, na matsa gefe, na rasa inda zan taka. Ta ja ni zuwa bangon, ta bi sunayen da yatsa har ta tsaya a kan ɗaya. Yarinya ce, ba ta kai yaye ba.

"Goyon da na gaya miki. Ta iso da ita, amma ba ta rayu ba. Bayanta aka haifi wadda muka fito daga tsatsonta."

Sunayen yara sun fi yawa a bangon. Na yi ta karantawa har idona ya daina gani. A nan maganar ta fito da kanta, da Turancina da ya kakkarye.

"Anti, ba raini ba ne ɗazu. Ni ma kakar mahaifiyata baiwa ce. A can gida. Ban taɓa faɗa wa kowa da ƙarfi ba."

Ta juyo gaba ɗaya. "A Afirka? Baƙi a hannun baƙi, har kusa haka?"

"Har kusa haka. Kuma har yau ana fasa aure saboda shi."

Yanzu ita ce ta riƙe baki. Can ta ce, "Yaya sunanta?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ki sani ba? Mu da aka raba da komai mun tono namu daga ƙarƙashin kwalta. Ke mahaifiyarki na raye, kina da waya a jaka."

Magariba ta yi a wurin. Na ce mata zan yi salla, ta ɗauko wani mayafi daga bayan mota ta shimfiɗa min a gefen titi, wajen shingen, ta tsaya a bayana da jakata a hannu har na sallame. Sannan ta kai ni har ƙofar benenmu.

Da safe na kira gida. Na bari muka gama gaisuwa, Inna ta ba ni labarin ruwan da aka yi da rashin jin yarana, sannan na ce, "Inna, kakarki ta wajen uwa, yaya sunanta?"

Na duba wayar ko layin ya yanke.

"Wa ya tambaye ki?" ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Babu kowa. Ni ce nake so in sani."

"Wani ya yi miki gori ne a can?"

"A'a, Inna. A nan rubuta su ake yi a bango."

Na ji ta tashi, na ji ƙarar ƙofa ta rufe. Sannan ta ce, "Nagode ake ce mata. Na san ta, ina ƙarama ta rasu. Gajeriya ce, da tsaga a goshi irin wadda ban taɓa gani a fuskar kowa ba. In tana daka takan yi waƙa da wani yare, in mun matso sai ta yi shiru."

"Nagode," na maimaita.

"Wannan wanda iyayen gidanta suka sa mata ne. Tana da nata da ta zo da shi."

"Wanne ne?"

Inna ta ja numfashi.

"Saudatu, duk zaman da muka yi da ita, babu wanda ya taɓa tambayarta."